Ƙanwata, Kafin Ki Shiga Kantin Kwari

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana. Shekarata ashirin da 'yan kai ina zaune gaban keken ɗinki a cikin birnin Kano, kuma babu lokacin da nake ganin halinmu na mata ƙarara kamar daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren sallah. A wannan tsakanin ne yarinya za ta shigo da leda a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, ta ce, "Anti, irin wannan nake so, don Allah kada ki canza komai." In dubi hoton, in dubi mai maganar, in ga babu abin da ya haɗa su. Tsayi daban, ƙirar jiki daban, launin fata daban, balle a zo ga aljihu. Amma tunda an ce shi ake yayi, magana ta ƙare.

Na ga yayi iri-iri ya zo ya wuce ta ƙarƙashin allurata. An yi zamanin hannu mai faɗi kamar fiffike, aka dawo hannun da sai an shafa mai kafin ya shiga. An yi zamanin da riga ba ta cika riga ba sai an jera mata duwatsu daga wuya har ƙasa. An yi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, aka kuma yi lokacin da kowace budurwa sai ɗaurin Zahra Buhari. Laffaya, wadda muka taso muna gani a jikin matan Borno da Shuwa da baƙinmu na Chadi da Sudan, yau ita ce ta amare a Kano da Kaduna. Bubu da 'yanmata suka taɓa cewa kayan tsofaffi ne, ga shi ya dawo, su ne ke rububinsa. Bambancin da na gani shi ne a da yayi yakan yi shekara biyu ko uku kafin ya gushe, yanzu kuwa da Instagram da TikTok, ɗinkin ƙaramar sallah kafin babbar sallah har an fara ce masa tsohon yayi. Kwana saba'in ke nan fa.

Ki tambayi kanki wa ke cin ribar wannan saurin. Mai masaƙa yana ci, dillali yana ci, mai tallan kaya a waya tana ci, ni ma tela ina ci, ba zan ɓoye miki ba. Ke kaɗai ce kike biya. Shi ya sa na ga ya zama mini nauyi in faɗa muku abin da nake faɗa wa 'ya'yan cikina.

Kada wata ta ɗauka ina hana ado ne. Allah da kansa ya ce a cikin suratul A'arafi ya saukar mana da tufa don rufe tsiraici da kuma ƙawa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Mai kyau ne, yana son kyau. Mace 'yar kwalliya ce, babu mai ja. Sai dai a cikin surar nan dai aka ce kada a yi ɓarna, a suratul Isra'i kuma aka kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Tsakanin waɗannan biyun nake so ki samu wurin tsayawa.

Mu fara da kuɗi, don a nan ne ƙaya take. Atamfar da kike gani jibge a Kantin Kwari, kaɗan ce ƙwarai ake yi a ƙasar nan. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, da sauran 'yan'uwanta da suka biyo baya a can da nan Kano, galibinsu sun durƙushe tun shekarun 2000. Mafi yawan abin da muke ɗaurawa yanzu daga China yake zuwa. Sufa da holan na gaske kamfanin Vlisco ne ke yin su a Holan, shadda Getzner daga Ostiriya take, abaya kuma ta Dubai da Saudiyya da Masar ake shigo da ita. Ma'ana, kusan kowane yadi da dala aka sayo shi. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haye naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, turmi ɗaya na sufa ta gaske kuwa ya fi haka nesa. To idan kin tsaya gaban mahaifinki ko mijinki kina cewa ke lallai sai kala uku za ki yi sallah da su, ki san abin da kike roƙa. Wani zai yi shiru ya fita, ba don ba ya sonki ba, sai don ya rasa ta inda zai fara gaya miki babu.

Sai anko. Wallahi anko ya kashe zumunci fiye da yadda ya raya shi. Asalinsa abu ne mai kyau: dangi da ƙawaye su fito kala ɗaya, a san na amarya a san na ango. Yanzu biki ɗaya anko uku ko huɗu, na kamu daban, na wuni daban, na dina daban, har da gyale da jaka da takalmi a ce sai kala kaza. Wadda ba ta yi ba, a ƙi ba ta wurin zama, ko a zare ta daga hoto. Akwai wata yarinya da nake yi wa ɗinki tun tana sakandare. A shekara ɗaya ta yi anko tara. Ta karɓi kuɗin adashin da take zubi don sayen injin markaɗe ta zuba a ciki, ya ƙi isa, ta ɗauki kaya bashi wurin dillaliya. Ranar da dillaliyar ta biyo ta har shagona tana ɗaga murya, na ga yadda yarinyar nan ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan leshin da ta kawo a rage mata. Cikin kayan nan tara, babu wanda ta saka sau uku. Daga cikin amaren kuma, biyu ko gaisawa ba sa yi yanzu.

Idan ke ce amarya, ki ji tsoron Allah a kan ƙawayenki. Ki fitar da anko ɗaya mai sauƙi, ko ki faɗi kala kawai kowa ta duba sif ɗinta. Kada kuma ki ɗora riba a kai a ɓoye, kina sayar musu da tsada don ki fanshe kuɗin kwalliyarki. Wannan cin amana ne ko da an saba yi. Idan kuma ke aka kawo wa, babu kunya a ce, "Wannan karon ba ni da hali, amma zan zo in taya ki aiki." Ƙawar da za ta yi fushi da wannan maganar, dama da kayanki take ƙawance.

Wani abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda muke sayen kaya kamar ba mu san garin da muke zaune ba. Ƙaramar sallah ta faɗo ranar 10 ga Afrilu a 2024, ranar 30 ga Maris a 2025, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yake kai maki 40 har ya wuce. Amma sai ki ga an ɗinka leshi mai nauyi, an yi masa shafi biyu na roba, an ɗora baƙar abaya a kai, a tafi yawon sallah. Kafin la'asar jiki ya yi sharkaf, ƙuraje su feso a wuya da hammata. Bazara tana son auduga da boyel da ɗinki sakakke wanda iska za ta ratsa. Kaya masu kauri da karan-miski a bar wa hunturu. Da damina kuma ki guji doguwar rigar da ke jan ƙasa da yadin da ke zuba, don ruwa ɗaya zai tona masa asiri. Sallah tana ja da baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, nan da 'yan shekaru za ta shigo cikin sanyi, sai lissafin ya sake. Mai yi miki talla daga wata ƙasa ba ta san wannan ba, ke ce kika sani.

Kuma ki koyi gane yadi da hannunki, kada ki dogara da takardar da aka manna, don takarda ma bugawa ake yi. Ki juya atamfa ki duba bayanta: mai kyau launinta yana ratsawa, gaba da baya kusan ɗaya ne, ta jabu kuwa bayanta fari-fari yake. Ki duba rubutun bakin zanen. Ki murza gefe kaɗan a tafin hannu, in ƙyallin nan sitati ne kawai za ki ji ya saki. Idan kina shakkar auduga ce ko roba, ki zare 'yan zaruruwa ki kusanta su da ashana: auduga tana ci ta zama toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ba laifi ba ne ki sayi mai araha in ita ce daidai ƙarfinki, daidai ruwa daidai tsaki. Laifin shi ne a sayar miki da ta araha a kuɗin mai tsada, ko ki sayi kala huɗu da za su koɗe a wanki biyu alhali kuɗin zai saya miki ɗaya da za ta yi shekaru.

Ki shiga kasuwa da ƙudurin abin da kika je saya da iyakar kuɗin da kika ware, ki bar sauran a gida. Ki je da wuri, tun Rajab ko farkon Sha'aban, kafin cunkoso ya sa farashi ya hau. Ki kai wa tela da wuri. Ɗinkin goman ƙarshe, ina gaya miki a matsayina na mai sana'ar, ɗinkin gajiya ne da rashin barci, ga wutar lantarki ba tabbas. A nan ake yanka yadin mutane ba daidai ba. Saye ta waya kuma, kada ki tura kuɗi don hoto kawai. Hoton an haska shi da fitila, an gyara launinsa, kallon kitse ake yi wa rogo. Ki nemi a ɗauko miki kayan a hasken rana, ki tambayi ko ana mayarwa, in da hali a kawo ki gani kafin ki biya.

Abin da ya fi duk wannan a wurina shi ne ki san kanki. Ki tsaya gaban madubi, ki ajiye wayar. Wace kala ce idan kin saka ake ce miki kin yi kyau tun kafin ki shafa hoda? Wane ɗinki ne kike iya sunkuyawa da zama da yin salla a cikinsa ba tare da kina jan nan kina rufe can ba? Gajeruwar mace manyan furanni suna danne ta, doguwa kuwa suna yi mata kyau. Mai jiki ɗinki sakakke mai sauka yana ƙara mata kwarjini, matsattse yana rage mata. Baƙar fata tana ɗaukar ruwan ƙwai da ruwan goro da fari tas yadda wata ba za ta iya ba, don haka ki bar man bilicin nan da ake shafawa wai don kala ta hau. Wasunsu da sinadaran da ke ɓata fata har su taɓa ƙoda. Idan kin gano abu uku ko huɗu da suka karɓe ki, ki riƙe su. Matan da ake tunawa da iya ado a unguwarmu, kowacce da abin da aka san ta da shi, wata ɗaurinta, wata farin mayafinta, wata riga da zani da ba ta taɓa sauyawa ba. Babu wadda ake tunawa don ta bi kowane yayi.

Rigar da ta matse har numfashi yana wuya, mayafin da bai fi tafin hannu ba, ba sai na tsaya dogon bayani ba, kin san hukuncinsu, kin kuma san irin kallon da suke jawowa. Ni dai na daina karɓar irin wannan ɗinkin, ko da zan rasa ciniki, kuma na rasa.

Maimaita kaya ba abin kunya ba ne. Gwanjo mai tsabta daga Ƙofar Wambai ba abin kunya ba ne. Kafin ki sayi sabo, ki buɗe sif da akwatunan lefe ki ƙirga turamen da ba a ko yanka ba. Wanda ya yi miki kaɗan a buɗa shi, wanda ɗinkinsa ya tsufa a sake masa hannu ko wuya, wanda kika shekara biyu ba ki taɓa ba ki fitar da shi ki ba maƙwabciyar da kika san 'ya'yanta ba su da na sallah. Ki ba ta tun kafin azumi ya raba, a asirce, don ta samu lokacin gyarawa.

A ƙasan akwatina akwai wata holan shuɗiya mai zanen tsuntsaye, daga lefen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ta ɗaura ta a sunana, na ɗaura ta a sunan 'yata ta fari. Bara 'yar tawa ta ciro ta, ta ce in mayar mata doguwar riga. Na zauna na warware tsohon ɗinkin a hankali da reza don kada in taɓa yadin, na tarar launin bai gushe ba ko a wurin lanƙwasa. Da ita ta je idi, ƙawayenta suna ta tambayarta a wane shago ta samo a Kwari.