Ranar da akuya ta fi gidanmu tsawo

Tun da yayana ya aiko mini da tsohuwar kwamfutarsa daga Yamai, haɗe da sitiyarin wasa wanda ya riga ya sha jiki, Inna ta ce an ƙara mata aiki a gida. Wasan da ya ɗauke mini hankali shi ne Assetto Corsa, na wani kamfanin Italiya, wanda ya fito a 2014. Ba irin na yara ba ne da ake jifan juna da ɓawon ayaba. Wannan lissafin nauyin mota yake yi, da yadda taya ke kama ƙasa. Na saka masa ƴar motar tseren nan da ake kira kat. Mutum na zaune kusan a ƙasa, babu sifirin da zai sha masa gargada, tayoyin baya biyu kuma ƙarfe ɗaya ke juya su, shi ya sa in za ta sha kwana sai ta ɗaga tayar ciki kamar kare ya ga gindin bishiya. Da irinta Lewis Hamilton ya fara yana ɗan shekara 8. Ni na fara ina da 27, a zauren gidanmu a unguwar Zariya.

Wata biyu ina zagaya Monza, filin tseren Italiya da ke cikin wasan, sai girman kai ya motsa. Na ce don me zan riƙa tsere a ƙasar mutane alhali Maradi ma da titi? Su masu wasan da na'urar laser suke auna filayensu, har tsagar kwalta sai ta fito. Ni kuwa na ari igiyar guga mai mita 10, na ɗauki littafi da biro, na fita da sassafe.

Ban auna igiya biyar ba labari ya zagaye layin cewa za a zuba gudron. Mai shayin bakin kwana ya taso da kansa ya share mini benci.

"Ranka ya daɗe, zauna ka karya."

Shayi mai kauri, burodi, ƙwai biyu. Sai da na kai rabi ya sunkuyo ya rage murya: "Teburina dai ba ya cikin layin, ko?" Na ce masa da yardar Allah babu abin da zai taɓa teburinsa, kuma wallahi gaskiya na faɗa. Kwana uku ina cin wannan gaskiyar. A na huɗu ƙanena ya je sayen burodi ya ce ai Yaya wasan mota yake haɗawa. Da la'asar lissafi ya iso gida: jika ɗaya da rabi, har da sukarin da na ce a ƙara.

Na zauna na zana titin a Blender, manhajar da ake samu kyauta, na fitar da shi a fayil ɗin FBX, na bi da shi ta ksEditor, manhajar masu wasan, ya zama KN5, irin fayil ɗin da wasan ke karantawa. Na yi bisimilla na kunna. Ga titi, ga katanga, ga dalbejiya. Kafin in taka mai, sai motar ta nutse. Ta ratsa ƙasa ta wuce, ina kallon unguwarmu daga ƙasa tana ƙara nisa kamar na faɗa rijiya gaba dubu. Dare biyu ina zargin kwamfuta, ina zargin zafi, har na sa mata fanka ita kaɗai ni ina gumi. Ashe wasan ba ya ɗaukar abu a matsayin ƙasa mai tauri sai sunansa ya fara da lamba, sannan irin ƙasar: 1ROAD. Ni kuwa na raɗa masa "titin unguwa", don ladabi.

Na gyara, motar ta daina nutsewa, sai ta koma fitowa a kwance. A Blender layin da ake kira Z ne ke nuna sama, a wasan kuwa Y ne, kuma alamar wurin tashi, AC_START_0, sai ka juya ta daidai. Na juya, na sake juyawa, ina gab da dacewa aka ɗauke kuran. Ban adana ba. Abin da na faɗa a lokacin ba na rubutu ba ne.

Titin Maradi ba akuya ai zane ne kawai, don haka na sauko da siffar akuya daga intanet na ajiye ta gefen hanya. Wanda ya yi ta da santimita ya auna, ni da mita nake aiki, sai ta ninku sau 100. Na sha kwanar mai shayi ke nan na ga ƙafafu huɗu sun tokare sama, na bi ta ƙarƙashin ciki kamar mai shiga ƙofar gari. Inna na wucewa da buta ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Ɗan nan, wannan in Salla ta zo ta ishi Maradi da Tibiri."

Da komai ya daidaita na kira maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya gwada, tunda shi ya san layin fiye da tafin hannunsa. Zagaye ɗaya ya yi ya saki sitiyari.

"Wanga ba layinmu ba ne. Ina ramin gaban mai faci? Ina yashin da ruwa ke tarawa bakin kwalbati? Ka taɓa ganin an wuce nan ba adaidaita a tsaye?"

Abin ya yi mini zafi, don ya fi ni gaskiya. Mako guda na yi ina haƙa rami. Na buɗe surfaces.ini, inda ake faɗa wa wasan yadda kowace ƙasa ke riƙe taya, na rage wa yashi kamu na ƙara masa ja. Na girka adaidaita biyu, na dasa tudun rage gudu irin wanda mutanen layi ke yi da kansu. Na manta kat tazararta da ƙasa ba ta wuce faɗin ƴan yatsu ba. Na hau tudun na maƙale, tayoyi na juyawa a iska. Da na kauce masa na faɗa ramin mai faci, sitiyari ya fizge har ya zubar mini da kunu a kan wando. Sau goma sha ɗaya ina gwadawa, ban gama zagaye ko ɗaya ba a filin da na gina da hannuna.

Shi kuwa da ya dawo, ko kallon titin bai yi ba. Ya sauka gefe, ya bi ta yashi, ya kutsa tsakanin teburin mai shayi da katanga, ya ratsa ta ƙarƙashin akuya, wadda na bari don Inna ta hana a taɓa ta, ya ɓullo a layin ƙarshe. Na ce wannan ai maguɗi ne, ya bar hanya. Ya ce shekara tara yana bin layin nan, bai taɓa ganin mai hankali ya bi ta tsakiya ba. Na duba fayil ɗin don in soke zagayen, sai na tarar ni da kaina na rubuta IS_VALID_TRACK=1 a kan yashin, wato shi ma hanya ce halattacciya.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya miƙo hannu.

"Dala arba'in. Daga mai shayi zuwa nan haka nika ɗauka."