Alamomin da ke kan histon: a auna su kafin a ce an fahimce su

Ga lambobi biyu: 42.011 da 42.047. Na farko shi ne nauyin da ke ƙaruwa a jikin furotin idan aka maƙala masa guntun sinadarin da ake kira asetil. Na biyu shi ne abin da ke ƙaruwa idan aka maƙala masa metil guda uku. Da dalton ake wannan lissafi, ma'aunin da ya yi kusa da nauyin ƙwayar zarra ɗaya ta haidirojin. Tazarar da ke tsakaninsu 0.036 ce kacal. Amma idan ɗayansu ya sauka a gurbi na 27, wato tubali na 27 a jerin tubalan da suka gina histon H3, ɗaya daga cikin furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsu, labarin ya sha bamban ƙwarai. Asetil a wurin yana tafiya ne da ƙwayar gado mai aiki, metil uku kuwa yana tafiya da wadda aka rufe wa baki.

Na'urar da ke iya raba waɗannan lambobi biyu ita ce mas sifektiromita, sikelin da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kanta. Duk mai binciken da zai gaya wa duniya cewa wata alama a kan histon ta ƙaru ko ta ragu, a ganina wajibi ne ya kawo shaidar wannan sikeli. Waɗanda ke riƙe da sikelin su ma akwai iyakar da bai kamata su tsallake ba, kuma ina ganin ana yawan tsallake ta.

Ƙwayar hanta da ƙwayar ƙwaƙwalwa na mutum ɗaya DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi, ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ƙera furotin, amma aikinsu bai yi kama ba ko kaɗan. Bambancin yana wajen waɗanne aka kunna, waɗanne aka kashe. DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ya kai tsawon mita 2, ga shi kuma a cibiyar da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na milimita ba. Abin da ya sa ya shige shi ne an naɗe shi a jikin histon, kamar zare a jikin mazari. Histon takwas ke haɗuwa, wato H2A da H2B da H3 da H4 bibbiyu, sai haruffan DNA wajen 147 su zagaye su. Kowane histon yana da ɗan wutsiya da ke leƙowa waje, kuma a kan wutsiyar nan akasarin alamomin suke sauka.

Albrecht Kossel ya gano histon a Jamus tun 1884, sai aka shafe shekaru masu yawa ana yi musu kallon kayan naɗi kawai. A 1964 Vincent Allfrey da abokan aikinsa a cibiyar Rockefeller suka nuna cewa ana maƙala musu asetil da metil, suka kuma yi hasashen cewa abin yana da hannu wajen kunna ƙwayoyin gado. Sai da aka yi shekara 32 kafin hasashen ya samu gindin zama, lokacin da ɗakin binciken David Allis ya kama enzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadari) mai ɗora asetil a 1996, na Stuart Schreiber kuma ya kama mai cire shi a shekarar. A 2000 Brian Strahl da Allis suka kawo ra'ayin cewa alamomin nan tsararren saƙo ne, haɗuwar wannan da wancan tana ba da umarni takamaimai wanda wasu furotin ke karantawa. Ra'ayin ya ja hankalin duniyar kimiyya, kuɗi da ɗalibai suka kwararo, kuma ya cancanci hakan.

To amma da me ake ganin alamomin? Akasarin ɗakunan bincike da antibodi suke aiki, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ake samowa daga dabba, galibi zomo, bayan an yi mata allurar guntun histon mai ɗauke da alamar da ake nema. Ana sa ran zai kama alamar nan ita kaɗai. A 2011 wata ƙungiyar masu bincike ta gwada irin waɗannan antibodi sama da 200, aka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun faɗi gwajin, suna kama abin da ba shi aka aike su ba. Wannan adadi yana tayar min da hankali, domin a kan irin waɗannan kayan aiki aka gina dubban rahotanni, kuma ɗalibin da ya sayi kwalba ya yarda da abin da aka rubuta a jikinta ba shi da laifi. Akwai kuma matsala ta biyu da ko antibodi mai kyau bai tsira daga gare ta ba. Gurbi na 9 da na 10 na H3 maƙwabta ne. Idan fosfet, wata alamar ta daban, ya sauka a na 10, yana iya tare hanya, antibodin da ke neman metil a na 9 ya kasa kamawa. Mai bincike sai ya rubuta cewa alamar ta ɓace, alhali tana nan daram. Sannan antibodi ba ya nemo abin da ba a san da shi ba, tunda sai ka san alama kafin ka yi wa zomo allurarta.

Sikelin ba ya buƙatar a gaya masa abin da zai nema. Ana fitar da histon daga ƙwayoyin jiki da ruwan asid, a daddatsa su, a tura su ta siririn bututun da ke rarrabe su, a fesa su ta bakin allura mai ɗauke da wutar lantarki har su zama ƙwayoyi masu caji a iska. Wannan dabarar feshi ce ta ba John Fenn rabonsa a kyautar Nobel ta 2002. Na'urar tana auna kowane guntu, ta farfasa shi, ta sake auna ɓaraguzan, daga nan a gane wane gurbi ne ya ƙara nauyi kuma da nawa. Fitowar na'urar Orbitrap ta Alexander Makarov kasuwa a 2005 ta sa raba asetil da metil uku ya zama aikin yau da kullum a ɗakunan bincike da yawa.

Histon dai ba su ba da kai cikin sauƙi ba, kuma wannan ɓangaren yana burge ni. Enzayim ɗin da aka saba daddatsa furotin da shi, tirifsin, yana yanka ne a bayan lisin da arjinin, biyu daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, ga shi wutsiyar histon cike take da su. Sai ya niƙe ta ƙanana-ƙanana har ta fi ƙarfin awo, kuma inda zai yanka yana canzawa gwargwadon alamar da ke wurin. Benjamin Garcia, a ɗakin binciken Donald Hunt na Jami'ar Virginia, yana cikin waɗanda suka daidaita maganin abin: a fara toshe lisin da wani sinadari mai suna furofiyonil, ta yadda tirifsin zai yanka a arjinin kaɗai, guntayen su fito da tsawo ɗaya a kowane gwaji. Ƙaramar dabara ce, amma ita ta sa ake iya kwatanta awon yau da na gobe. Masu son ganin alamomi da yawa tare a kan wutsiya ɗaya sukan yi amfani da wani enzayim da ke yanko gurabe 50 na farkon H3 a dunƙule.

Da wannan hanya ƙungiyar Yingming Zhao a Jami'ar Shikago ta ba da rahoton sababbin alamomi 67 a 2011, ciki har da wata sabuwar iri da ake kira kurotonil. A 2019 suka ƙara da wata da ke da alaƙa da laktet, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke fitarwa idan suna ƙona sukari da sauri. Yanzu gurabe da ire-iren alamomin da aka sani sun kai ɗaruruwa.

A nan nake rabuwa da masu zumuɗi. Gano alama daban, sanin tana da aiki daban. Na'ura mai ƙarfin gani tana iya tsinto abin da ke kan histon ƙalilan cikin dubbai, wanda wataƙila ya maƙale ne don sinadarin ya yi yawa a wurin, ba don wani enzayim ya ɗora shi da manufa ba. Awo ya nuna cewa yawancin sababbin alamomin dangin asetil ba su kai asetil yawa ba, nesa ba kusa ba. Wannan bai hana su yin tasiri a wasu wurare ba, amma nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa. Abin takaici, sanar da sabuwar alama ya fi jawo suna a kan zaman auna tsohuwa da kyau, shi ya sa jerin ke ta tsawo, fahimta kuwa tana jan ƙafa.

Alhali tambayar “nawa ne?” ita ce ta fi ba da amsoshi masu amfani. A ƙwayoyin ɗan tayin ɓera, awo ya nuna cewa a gurbi na 27 metil biyu ne ya mamaye rabin histon H3 ko fiye, metil uku da kowa ke magana a kansa kuwa ɗan kaso ne. Misalin da ya fi taɓa zuciyata na wata cutar daji ce da ke kama gindin ƙwaƙwalwar yara, wadda akasarin waɗanda ta kama ba sa wuce shekara guda bayan an gano ta. A 2012 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Amurka, suka gano cewa a irin waɗannan ƙari lisin na gurbi na 27 kan rikiɗa ya koma wani tubalin daban mai suna metiyonin, kuma a na gindin ƙwaƙwalwa abin ya kai wajen kashi 80 cikin 100. Abin mamakin shi ne ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado fiye da goma masu ƙera H3, kuma kwafi ɗaya ne ya lalace. A 2013 ɗakin binciken Allis ya auna, ya tarar gurɓataccen histon bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dukan H3 ba, amma metil uku ya yi ƙasa sosai a gurbi na 27 har a kan lafiyayyun. Wannan rashin daidaito tsakanin ƙanƙantar sanadi da girman ɓarna shi ya nuna cewa gurɓataccen histon yana kashe wa enzayim mai ɗora alamar, PRC2, ƙarfi ne gaba ɗaya. Zuwa 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan sauyi cikin sunan cutar a hukumance. Da ba a kawo adadi ba, da fassarar ta yi rauni.

Duk da haka sikelin yana da makanta babba. Kafin a auna histon sai an raba shi da DNA, don haka na'urar za ta ce maka alama kaza tana kan kashi kaza, amma ba za ta ce maka a kan wace ƙwayar gado take ba. Matsakaicin miliyoyin ƙwayoyi take bayarwa. Alamar da ta ragu a wurare dubu ta ƙaru a wurare goma masu muhimmanci za ta fito a matsayin raguwa kawai. Don sanin wuri dole a koma ga hanyoyin zana taswira irin wadda aka fara yi wa ɗaukacin DNA na mutum a 2007, kuma waɗannan da antibodi suke aiki. Saboda haka ban ce a zubar da antibodi ba. Cewa na yi a tantance shi, a kuma ɗora awon sikeli a gefen taswirar.

Ko an haɗa biyun, saura tambayar da Steven Henikoff da Ali Shilatifard suka jefa a 2011: alamar ce ke kunna ƙwayar gado, ko kuwa sawu ce da aikin ya bari? Amsar ta danganta da alamar. A 2013 ɗakin binciken Jürg Müller a Jamus ya canza lisin na 27 a histon na ƙudan gwaji Drosophila, sai ƙwayoyin gadon da ya kamata su yi shiru suka farka, tamkar an cire PRC2 ɗin kansa. Wannan hujja ce ta sanadi, kuma na yarda da ita. Amma yis da aka cire wa enzayim mai ɗora metil a gurbi na 4 na H3, alamar da ta shahara a bakin ƙwayoyin gado masu aiki, yana ci gaba da rayuwa, kuma sauyin da ake gani a aikin akasarin ƙwayoyin gadonsa kaɗan ne. Idan alamomi biyu mafiya shahara sun ba da amsa mabambanciya haka, ba na ganin dalilin da za a ɗauki ta ɗari uku a ce umarni ce tun ba a gwada ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan taka-tsantsan ya shafi har masu yaɗa cewa damuwar da kaka ta sha tana rubuce a kan histon ɗin jika. A maniyyin ɗan Adam ana cire akasarin histon a maye gurbinsu da wani furotin mai suna furotamin, kuma ana sake shirya alamomi da yawa bayan ɗaukar ciki. Wanda zai ce saƙo ya tsallake wannan shinge sai ya nuna wace alama ce, a wane gurbi, nawa ta rage.

Abin ya wuce muhawarar masana, domin magunguna sun riga sun shiga jikin mutane. Tun 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vorinostat, mai hana cire asetil, don wani nau'in cutar daji da ke bayyana a fata, kuma ana ta gwada wasu masu taɓa waɗannan enzayim. Enzayim ɗin da ke cire asetil daga histon suna cire shi daga wasu furotin masu yawa da ba histon ba, abin da sikelin kansa ya bankaɗo. Don haka ina son mujallun kimiyya da masu ba da kuɗin bincike su riƙa neman abu uku daga duk gwajin irin wannan magani: adadin alamar kafin magani da bayansa a jikin ƙarin da aka ɗebo daga majiyyaci, shaidar cewa an tantance antibodin da aka yi aiki da shi, da kuma ajiye ɗanyen bayanan na'urar a rumbun da kowane mai bincike zai iya shiga ya sake lissafi da kansa.