Tambayar lissafi ba raini ba ce, zagin Fasto kuma ba kishin Ubangiji ba ne

Salama gare ku 'yan'uwa a cikin Almasihu. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, maganar ce ba ta gajartuwa.

A ganina babu abin da yake saurin yamutsa ikilisiya kamar maganar kuɗi. Mutanen da suka yi shekaru suna zama a benci ɗaya, suna cin jibin Ubangiji tare, sai kaga rana ɗaya an ce kuɗin gini bai cika ba, ko an ce an sayi wani abu ba a gaya wa kowa ba, shi kenan an rabu gida biyu, waɗannan suna cewa mu dai muna bayan Fasto duk wanda ya yi tambaya ɗan tawaye ne, waɗancan kuma suna cewa ai duk ɓarayi ne an mayar da ɗakin Allah kasuwa, kowa kuma da ayarsa a hannu yana jifan ɗan'uwansa da ita. Gaisuwa ta gagara. Har yara sun san wane iyali ne ba a zama kusa da su.

Toh ni dai ban yarda da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu ba, kuma ba ra'ayina kawai ba ne, mu buɗe Littafi.

Girmama shugaba umarni ne, ba wai in ya burge ka ba. Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi wa shugabanninmu biyayya domin su ne suke tsaron rayukanmu, kuma za su ba da lissafi a kanmu, a bar su su yi aikin da farin ciki ba da nishi ba, domin in da nishi suka yi mu ma ba za mu amfana ba. A 1 Timoti 5:17 Bulus ya ce dattawan da suke riƙon ikilisiya da kyau sun cancanci girma ninki biyu, musamman masu wahalar wa'azi da koyarwa, ya kuma ɗauko dokar Musa wadda ta hana a sa wa sa takunkumi lokacin da yake sussuka. Wato albashin Fasto ba sadaka ba ce da muke masa. Haƙƙinsa ne. Akwai mutanen da da zarar sun ga Fasto da sabon takalmi sai su fara ƙunƙuni wai kuɗin baiko ne, haba ɗan'uwa, kai da kake aiki ana biyanka wa ya taɓa bin ka kasuwa ya ga me ka saya? Mutumin da ake buga wa waya tsakar dare in wani yana bakin mutuwa, shi ne a asibiti, shi ne a wajen jana'iza, shi ne mai sasanta miji da mata, sannan a ce 'ya'yansa ba za su ci mai kyau ba sai an yi masa gori, wannan ba tsoron Allah ba ne.

Kuma mun san abin da ya faru da Maryamu da Haruna a Littafin Ƙidaya 12 da suka yi ta maganar Musa a bayan idonsa, Maryamu ta kuturce, aka fitar da ita bayan zango kwana 7, jama'a duka suka tsaya ba tafiya saboda ita. Wannan gefen a fili yake, ba sai na daɗe a kai ba.

Inda nake so mu zauna shi ne ɗaya gefen, domin shi ne ba a cika wa'azinsa ba.

Ku karanta Ezra sura 8 a hankali. Ezra firist ne, masanin Attaura, sarkin Farisa da kansa ya amince masa ya ba shi wasiƙa, ba wanda yake zarginsa da komai. Za su tashi daga bakin kogin Ahawa zuwa Urushalima da dukiyar Haikali, azurfa talanti 650 (talanti babban ma'aunin nauyi ne na wancan zamani), zinariya talanti 100, kwanonin zinariya 20, da sauran kaya. Me ya yi? Bai ce ku bar min ni bawan Allah ne ba. Ya ware manyan firistoci 12, ya sa aka kawo ma'auni, ya auna musu komai a hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu ku tsarkaka ne, kayan nan ma tsarkaka ne, ku tsare su har ranar da za ku sake auna su a ɗakunan Haikali. Tafiyar daga Babila ta ci wajen wata huɗu. Da suka iso suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sake fito da ma'auni, aka auna a hannun Meremot ɗan Uriya firist, da wani firist da Lawiyawa biyu suna tsaye suna kallo, aka ƙirga, aka kuma rubuta nauyin duka a lokacin nan take. An auna a farko, an auna a ƙarshe, an rubuta. Ba wanda ya ji haushi, ba firist ɗin da ya ce wato ba ku yarda da ni ba ke nan. Mutanen da suka yi azumi suka dogara ga Allah har suka ƙi roƙon sojojin rakiya daga wurin sarki, su ne dai suka ɗauko ma'auni. Bangaskiya ba ta hana su lissafi ba.

Bulus ma haka. Lokacin da ake tara gudummawa domin matalautan 'yan'uwa a Urushalima, a 1 Korantiyawa 16 ya ce wa ikilisiyar ku zaɓi mutanen da kuka yarda da su, su za su kai kuɗin. A 2 Korantiyawa 8 kuma ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, da kuma wani na uku, ya faɗi dalili ƙarara, wai don kada kowa ya sami abin zargi a kan yadda ake tafiyar da wannan babbar kyauta, suna so su yi abin da yake daidai ba a gaban Ubangiji kaɗai ba har ma a gaban mutane. Manzo Bulus fa! Wanda ya kafa ikilisiyar. In shi bai yarda ya riƙe jaka shi kaɗai ba, wane ne ni, wane ne kai?

Shi ya sa nake cewa da iyayenmu Fastoci da dattawa, cikin ladabi, littafin lissafi a buɗe kariya ce gare ku kafin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yawancin jita-jitar da take yawo a ikilisiya ba don an ci kuɗi ba ne, don ba a faɗi inda kuɗin ya tafi ba ne, mutum kuwa in bai sani ba sai zuciyarsa ta ƙirƙiro masa labari, labarin da zuciya take ƙirƙirowa kuma ba ya taɓa zama mai kyau. Fasto mai gaskiya da yake karɓar baiko shi kaɗai ya sa a aljihu ya ce zai kai banki gobe, ko ko sisi bai taɓa ba ya riga ya sa kansa a bakin mutane. Me zai hana mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tun kafin a bar ɗakin sujada, su rubuta, su sa hannu, kuɗi ya shiga akawun ɗin ikilisiya ba na wani mutum ba, kada a iya cire komai sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, duk abin da aka saya a ajiye rasit, ma'aji ya tashi a lokacin da aka tsayar ya karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, wani dabam wanda ba ya cikin kwamitin kuɗi ya zo ya duba littafin. Kuma kuɗin da aka tara da sunan gini a yi gini da shi, in wata bukata ta taso a dawo a tambayi waɗanda suka bayar, kada a juya shi a ɓoye ko da abin kirki za a yi.

Wani zai ce ai a 2 Sarakuna 12 an ce ba a nemi lissafi daga wurin masu aikin gyaran Haikali ba saboda amintattu ne. Gaskiya ne, aya ta 15. Amma ka fara daga farkon surar mana. Sarki Yowash ya ce wa firistoci su karɓi kuɗi su gyara Haikali, har shekara ta 23 ta mulkinsa ba a gyara komai ba. Sai ya kira Yehoyada firist, mutumin da matarsa Yehosheba ta ɓoye shi yana jariri, shi kuma ya ɗora shi a sarauta, kamar uba yake a gare shi, ya tambaye shi me ya sa ba ku gyara ba. Yehoyada bai la'ance shi ba. Ya ɗauko akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure a jakunkuna. Sai bayan an gyara tsarin ne aka kai ga wannan amincewar.

Ita kuma ayar nan ta Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna, dan Allah a daina mayar da ita sanda. Ka karanta ayoyin da suke gabanta, maganar kakannin Isra'ila ake yi lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba a rubuta ta don a rufe bakin gwauruwar da ta tambayi ina kuɗin marayu ba. 'Ya'yan Eli, Hofni da Finehas, firistoci ne su ma, suna aika bara da cokali mai yatsu uku yana tsamo naman hadayar mutane, laifin da Allah ya kama Eli da shi kuwa shi ne ya sani bai hana su ba. Shirun dattawa a kan ɓarna ba biyayya ba ce.

Toh amma mu 'yan ikilisiya, yaya muke tambayar? A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ka ji ƙishin-ƙishin, ba ka ga takarda ba, ba ka je wurin ma'aji ba, ba ka nemi ganin dattawa ba, kawai ka ɗauki waya ka rubuta a gurup ɗin WhatsApp, ko ka hau Facebook kana habaici wai wasu kerkeci ne cikin fatar tumaki, kowa kuma ya san da wa kake. Matarsa tana karantawa. 'Ya'yansa suna karantawa. Wanda kake ta yi wa bishara shekara da shekaru shi ma yana karantawa yana dariya. In daga baya aka gano kuskuren lissafi ne kawai, wani ya manta bai rubuta rasit ɗaya ba, da me za ka mayar masa da sunansa? Goge rubutun ba ya goge abin da mutane suka riga suka gani.

Bulus ya ce wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, aya ta gaba kuma ta ce waɗanda suka nace da zunubi a tsawata musu a gaban kowa, kuma kada a nuna son kai. Duka biyun suna wuri ɗaya, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Ubangiji Yesu a Matiyu 18 ya ce ka fara zuwa kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Ka duba Dawuda a kogon En-gedi, Saul yana farautarsa da mutum 3,000, ya sami dama ya kashe shi ya ƙi, shafin rigarsa kawai ya yanka har ma zuciyarsa ta dame shi a kan haka, amma da ya fito bai yi shiru ba, ya rusuna har ƙasa, ya kira shi ubangijina sarki, ya kira shi baba, sannan ya ɗaga ƙyallen ya gaya masa gaskiya ido da ido cewa kana farautar raina ba da laifina ba. Kai ma kana iya durƙusawa ka ce Baba, akwai abin da ban gane ba a rahoton kuɗin nan, a taimaka a yi mana bayani. Fasto mai tsoron Allah ba zai ƙi wannan ba.

Ka kuma bincika zuciyarka kafin ka buɗe baki, domin ba duk mai ihu a kan kuɗin Ubangiji ne yake kishin Ubangiji ba. A Yahaya 12 wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa an yi asarar turaren dinari 300 da an ba matalauta, Yahuza ne, shi ne kuma yake riƙe da jakar yana ɗiba. Wani faɗan ba na kuɗi ba ne sam, haushi ne don ba a sa shi a kwamiti ba, ko Fasto ya taɓa tsawata masa a kan wani abu yana jiran ranar ramuwa.

Masu cewa ni na daina ba da zakka da baiko sai an gyara, na gane zafin, amma sau da yawa ba shugaban ne yake fara jin yunwar ba, mai shara ne da gwauruwar da ake taimaka wa da ɗan mishan ɗin da yake jiran abin da za a aika masa. Gara ka zo miting ka yi magana. Ranar da ake karanta rahoton kuɗi rabin jama'a sukan tashi su tafi da zarar an yi addu'ar rufewa, su ne kuma za ka ji muryarsu a waje daga baya.

In kuma an bincika an tabbatar da gaske an ci amana, kada a rufe don gudun abin kunya, kada kuma a yi ta murna kamar an ci yaƙi. A sauke shi daga riƙon kuɗi, ya mayar da abin da ya ɗauka ko da kaɗan-kaɗan ne, a yi masa horo bisa tsarin ikilisiya, in akwai shugabanni na sama a sanar da su, a kuma bar masa ƙofar tuba a buɗe. A Ayyukan Manzanni 6 da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci, manzanni ba su kira su 'yan tawaye ba, sun tara jama'a suka ce ku zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, mu ba su wannan aikin, mu kuma mu tsaya a kan addu'a da Maganar. Jama'a suka zaɓa, Istifanas da Filibus suna ciki, manzanni suka ɗora musu hannu, Luka kuma ya rubuta cewa bayan haka yawan masu bi ya ƙaru ƙwarai a Urushalima, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.