Kafin Ka Buga Fosta, Ka San Inda Kwatar Unguwarku Ta Toshe

'Yan uwana matasa, tun da aka sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara a 2018, wadda ta ba ɗan shekara 25 damar neman majalisar jiha ko ta wakilai, duk majalisar da ka zauna sai ka ji wani yana cewa shi Abuja ya nufa. Ka ce masa ya fara da kansila, sai ya yamutsa fuska kamar ka zage shi, wai shi da digirinsa.

To, bari in ba ku labarin wani kansila. Sadiq Khan, magajin garin Landan na yanzu, an haife shi a 1970 a yankin Tooting da ke kudancin birnin. Iyayensa daga Pakistan suka zo. Mahaifinsa direban bas ne, mahaifiyarsa kuma ɗinki take yi. Su takwas ne 'ya'yan, a gidan hayar gwamnati mai ɗaki uku suka taso. Ya karanta shari'a, daga baya ya zama lauya mai kare haƙƙin ɗan Adam. Duk da haka, a 1994, yana ɗan shekara 23, kujerar da ya nema ita ce kansilan mazaɓarsu a ƙaramar hukumar Wandsworth.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne daɗewar da ya yi a wurin. Shekara 12 cur, har 2006. Kuma duk tsawon lokacin nan yana ɓangaren adawa, domin shi ɗan jam'iyyar Labour ne, majalisar kuwa tana hannun 'yan Conservative tun 1978. Ba kwangilar da zai raba, ba muƙamin da zai ba yaransa. Sai zaman kwamiti, sai sauraron mai kukan gidan haya yana yoyo, sai rubuta wasiƙa a madadin tsohuwar da ba ta san ofishin da za ta je ba. Da yawanmu da shekara biyu za mu yi mu sauya sheƙa, mu ce siyasa ba gaba ba ce. A 2005 mutanen Tooting ɗin nan suka tura shi majalisar dokokin Birtaniya, a 2009 ɗan direban bas ya zama ƙaramin ministan sufuri, a 2016 ya zama Musulmi na farko da ya riƙe Landan, kuma an sake zaɓarsa a 2021 da 2024.

Na san abin da za ku ce: nan ba Ingila ba ce. Gaskiya ne. A wurinmu sau da yawa sunan kansila daga aljihun wani babba yake fitowa, zaɓen ma jam'iyya mai mulki ke cinye shi kaf. Amma ko a hakan, wa ake buga wa ƙofa bayan sallar asuba? Kansila. Ga mai riƙe da takardar magani, ga dattawan da taransifomarsu ta ƙone wata uku, ga matan da famfon burtsatsensu ya tsaya. Sanata sai a rediyo ake jin sa. Jihar Kano kaɗai mazaɓu 484 gare ta, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, ba a daina jayayya kan wanda zai riƙe asusun ba. Idan masu ilimi suka ci gaba da raina kujerar, 'yan jagaliya ne za su zauna a kanta.

Saboda haka kai da ke shirin kai hotonka wurin mai buga fosta, dakata tukuna. Rumfunan zaɓe nawa ne a mazaɓarku? Ajin firamare nawa ne ba rufi? Je ka gaishe da mai unguwa, ka tambaye shi wace kwata ce ke cinye gidajen mutane duk damina, sannan ran Asabar ka fito da shebur.