Bishiyar lemo ba ta san wa'adin tallafi ba

Kwanakin baya wata ɗaliba ta aiko mini da saƙo, ta ce tana son yin digiri na uku a kan yadda bishiyar lemo ke jure fari, tana neman shawara. Na rubuta mata amsa layi biyu, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Maganar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na kawo ta nan. Mai iya karantawa har ƙarshe bismilla, wanda ya gaji a hanya ba zan ga laifinsa ba.

Abin da na fara tambayar ta shi ne: kina iya tashi ƙarfe huɗu na asuba? Ta ɗauka zolaya ce. Wallahi ba zolaya ba ce. Idan kana son sanin ainihin ƙishirwar bishiya, kafin rana ta fito ake tambayar ta, lokacin da ta kwana tana jan ruwa daga ƙasa ba ta zubar da komai ta ganye ba. Ka ɗauki tocila, reza, madubin ƙara girma, da silindar iskar naitirojin mai nauyin tsiya, ka shiga gona raɓa na jiƙa maka wando. Ka yanko ganye, ka sa shi cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe, ƙarshen silin ganyen ya leƙo waje ta wani ɗan rami, ka ɗaure murfi tamau. Sai ka riƙa sakin iska a hankali, idonka a kan bakin yankan. Da zarar ka ga wurin ya yi ƙyalli, ruwa ya ɗan tsatso, sai ka rufe, ka karanta agogon. Iya ƙarfin da ka matsa kafin ruwan ya dawo, iya ƙarfin da ganyen ke riƙe da shi ke nan. Per Scholander da abokan aikinsa suka fito da wannan hanya a 1965, kuma har yau da ita ake gwada gaskiyar sauran na'urorin zamani masu tsada. Da tsakar rana kuma a dawo a maimaita. Bishiyar da take ƙoshe da ruwa ma sai ka matsa mata abin da ya ninka iskar tayar mota wajen sau huɗu kafin ta saki ɗigo. Wadda ta sha wuya kuwa, hannunka a kan makunnin, gabanka na faɗuwa, allura na ta hawa.

Ganye 40, ganye 60, kowane mako, shekara da shekaru. Wannan shi ne aikin. Hoton da ake gani na mai farar riga yana ɗaga kwalba, wannan rana ɗaya ce a cikin goma.

To amma ba tashin asuba ne ya hana ni ba ta amsa da wuri ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an gina wannan sana'a a kan agogo biyu da ba sa tafiya tare. Akwai agogon bishiya, akwai agogon masu ba da kuɗi da masu ƙarin girma.

Ɗauki lemon da aka shuka daga ƙwallo. Yakan yi shekara 5, 7, wani ma ya haura, kafin ya yi furen farko. Idan mai aure ne, wato wanda aka ɗora kan wani iri a bisa tushen wani, a shekara ta uku ko ta huɗu ka fara ganin 'ya'ya, amma ba za ka san halinsa na gaskiya ba sai ya cika girma, ka tsinke shi kaka biyar ko shida a jere, ciki har da shekarar da ruwa ya yi gardama. Ga wani ƙarin ciwon kai ga masu haɗa iri: yawancin ƙwallayen lemo suna fito da tsiron da kwafin uwa ne zalla, babu ruwansa da uban da ka wahala ka shafa wa furen. Ka yi barbara ɗari, ka shuka, ka zauna tantance wanne ne ɗan gaske. Tallafin bincike kuwa shekara 3 ne, in an yi maka alheri 5. Digiri na uku ma kusan haka. Kwamitin ƙarin girma kuma ba ya ƙirga bishiya, maƙala yake ƙirgawa.

Walter Swingle, wani masanin tsirrai, ya haɗa wani irin lemo a Filorida ta Amurka a 1907. Ba a sake shi ga manoma a hukumance ba sai 1974. Shi kansa ya rasu tun 1952. Yau tushen da ke ɗauke da sunansa yana ƙarƙashin miliyoyin bishiyoyi a Filorida da Barazil. Ina yawan tunanin da a ce yanzu yake aiki, wane fom zai cike a ƙarshen shekara ta uku? Me zai rubuta a gurbin nan na sakamako?

To da yake kowa na son ya ci abinci, sai muka samo dabara: tukunya. A shuka 'yan tsirrai a leda ko bokiti cikin gidan gilashi, a daina ba su ruwa kwana 15 ko 20, a auna, a zana jadawali mai launi, a aika mujalla. Ba zan yi wa kowa gori ba, don ni ma na yi, kuma na sha kunya a kai. A farkon aikina na jera tushe iri-iri a tukwane masu girma ɗaya, na yanke musu ruwa rana ɗaya. Wani daga cikinsu ya tsaya kore shar bayan sauran sun yi yaushi sun naɗe ganye. Na yi ta murna, har na tsaya gaban manya ina nuna hoto. Wani dattijon ma'aikacin gona da ba shi da digiri ko ɗaya ya bari aka watse, ya ja ni gefe, ya ce, “Malam, ka auna girmansu kuwa?” Ban auna ba. Wanda na naɗa wa rawanin juriya shi ne mafi ƙanƙanta, ganyensa kaɗan, don haka bai shanye ruwan tukunyarsa da wuri ba. Farin bai ma iso gare shi ba tukuna. Wanda ya fara yaushi kuwa shi ne mai ƙarfin, wanda a fili saiwarsa za ta nutsa ta nemo danshi a inda sauran ba sa kaiwa. A tukunya babu inda saiwa za ta je. Gwajin da na tsara da hannuna ya hukunta shi a kan baiwarsa.

Daga ranar na daina yarda da kalmar “jure fari” haka kawai ba tare da an gaya mini me ake nufi ba. A ƙasan ganyen lemo akwai 'yan ƙofofin numfashi, idan ka shafa man farce marar launi ka bari ya bushe ka ɓare, za ka ga sawunsu birjik a madubin ɗakin gwaji. Ta nan iskar da bishiya ke haɗa abinci da ita take shiga, ta nan kuma ruwa yake fita. Ƙofa ɗaya ce. Idan ƙasa ta bushe, wani sinadari da ake kira ABA yana ƙaruwa, ƙofofin su rufe. Bishiyar ta tsira da ruwanta, amma ta daina girki. Saboda haka irin da ya fi saurin rufe ƙofa zai daɗe bai mutu ba, kuma zai iya ba ka 'ya'ya ƙanana ko ya zubar da su. Manomi ba ganye yake sayarwa ba. Idan maƙala ta ce iri kaza ya jure, tambayata ita ce: ya rayu ne kawai, ko ya cika kwando?

Kuma ko an samu mai juriyar, tsugune ba ta ƙare ba. Labarin Barazil ya isa misali. Lemon kasuwa kusan duka mai aure ne, tushe daban, kai daban, kuma tushen ne ke hulɗa da ƙasa da ruwa. A shekarun 1930 da 1940 wata cuta mai suna tristeza, wato baƙin ciki a harshensu, ta kashe miliyoyin bishiyoyin da aka ɗora a kan tushen lemo mai ɗaci a Ajantina da Barazil. Manoman jihar Sao Paulo suka koma tushen wani irin lemo mai suna Rangpur, saboda yana jure cutar, kuma yana jure rani a gonakin da yawancinsu ruwan sama kawai suka dogara da shi. Kusan kowa ya zuba ƙwansa a wannan kwando. A 1999 sai ga wata sabuwar cuta da suka sa wa suna mutuwar farat ɗaya, ta kama bishiyoyin da ke kan Rangpur ɗin. Da yawa suka koma tushen Swingle, wanda cutar ba ta kama shi, amma shi kuma ba ya haƙuri da ƙishirwa kamar Rangpur, yana son ban-ruwa. An gudu ba a tsira ba. Mai binciken da ya ce shi fari kawai ya sani, babu ruwansa da cuta, ko gishirin ƙasa, ko zaƙin ruwan lemon, wannan zai ba manomi rabin shawara ne, wanda wani lokaci gara babu.

Kada wani ya ce ina yaƙi da masu aikin ƙwayoyin halitta. A'a. Sun kawo abubuwa masu kyau. Akwai binciken da masana daga Faransa da Sifaniya suka wallafa a 2013, wanda ya nuna cewa Rangpur ɗin da aka samu da ninkin ƙunshin ƙwayoyin gado, wato kuromosom 36 maimakon 18, saiwarsa na samar da ABA fiye da na asali, kuma kan da aka ɗora masa ya fi jure rashin ruwa. Aiki ne mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka mayar da irin wannan aiki shi ne kimiyya, mai yawo da silinda a gona kuma ya zama kamar ɗan aike. Ɗalibi ya gama digiri zai iya lissafo maka sunayen ƙwayoyin gado 30 da ke tashi idan an hana tsiro ruwa, amma ka kai shi gona ba zai bambance bishiyar da ke jin ƙishirwa da wadda ruwa ya kwanta wa a saiwa ba, alhali dukansu biyu yaushi suke yi.

Abubuwan da suka fi burge ni game da lemo, ido ne ya fara ganin su kafin na'ura. Manoman lemon tsami a tsibirin Sisili na Italiya sun daɗe suna hana bishiya ruwa da gangan na wasu makonni a tsakiyar bazararsu, sai ta yi laushi, sannan su kwarara mata ruwa. Sai ta ɓarke da fure ba a lokacinsa ba, su tsinki koren lemo a bazara mai zuwa lokacin da ya yi ƙaranci a kasuwa. Ƙishirwa ce ta tayar da furen. Sun san haka tun kafin wani ya rubuta maƙala a kai. Ga kuma wani abin mamaki da na gani da idona sau da yawa: lemon da ya sha fari sosai yakan riƙe ganyensa, a naɗe, a yamutse, amma yana nan. Ranar da ka tausaya masa ka ba shi ruwa, washegari ko jibi ka zo ka tarar da ganye a ƙasa kamar an karkaɗe. Masu bincike a Balansiya ta Sifaniya suka warware wannan a farkon shekarun 1990: a lokacin fari wani sinadari yana taruwa a saiwa, ba shi da motar hawa sama tunda ruwa ba ya tafiya. Da ruwa ya dawo sai ya ɗauke shi zuwa ganye, a can ya rikiɗe ya zama iskar etilin, ita kuma ta tsinke ganyen. Ka ga yadda ya kamata abin ya kasance ke nan: wani ya gani a gona, ya damu, ya shiga ɗakin gwaji da tambayar. Yanzu sau da yawa daga ɗakin ake fitowa da amsa ana neman tambayar da za ta dace da ita.

Wani zai ce ai kuɗin sun tafi wajen cuta ne, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka gano cutar nan mai sa lemo ya ƙi nuna a Filorida a 2005, hankalin masu ba da tallafi ya koma can, don gonaki ne ke mutuwa a gaban idonsu. Amma ita ma cutar tana cinye ƙananan saiwoyi tun kafin alama ta fito a ganye, bishiyar ta kasa shan ruwa yadda ya kamata. Ko ta ina ka biyo, sai ka dawo wurin mutumin da ya san yadda ruwa ke tafiya daga ƙasa zuwa ganye. Irin waɗannan mutane suna ritaya, kuma ban ga ana maye gurbinsu da yawan da suke tafiya ba.

A ƙarshe dai ga abin da na rubuta mata. Na ce ki shiga, amma kada ki zaɓi malami don yawan maƙalunsa, ki tambaye shi ko yana da gonar gwaji da bishiyoyinta suka haura shekara goma, da littafin da aka rubuta tarihinsu. Ki yi aikin tukunyar, don dole ki gama digiri a kan lokaci, amma ki riƙa auna nauyin kowace tukunya kullum, ki daidaita bushewar, kada ki maimaita wautata. Ki yi abota da ma'aikatan gona kafin ki yi da furofesoshi. Kuma a shekarar farko, tun kafin ki san me za ki yi da su, ki dasa layi biyu na bishiyoyi a kan tushe daban-daban, ki sa musu lamba da fenti, ki rubuta ranar dashe a wurin da wani zai iya samu ko ba kya nan.

Ta amsa bayan kwana biyu. Ta ce ta samu malami mai gona, ta je ta gani, bishiyoyin sun kai shekara 14, amma allunan lambar sun ɓace, kuma mutumin da ya san wanne ke kan wane tushe ya yi ritaya. Na ce ta nemo lambar wayarsa, ta je ta ɗauko shi da kanta, ta tafi da fenti.