"Turo min in gani"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya ban yi barcin kirki ba. Bayan sallar isha'i wani ya saki bidiyon tsiraicin wata yarinya a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan aji. Kafin in ankara wayata ta sauke shi da kanta, ni kuma na buɗe. Na yi saurin rufewa, amma na riga na ga fuskarta, na ga labulen ɗakin, har da sallaya a ninke a gefen gado. Mun haura mutum ɗari a zauren nan, babu wanda ya ce a ji tsoron Allah. Ni ma ban ce ba, kuma shirun nan ne yake ci na har yanzu. Can sai ga wani ya rubuta: "Nawa bai buɗe ba, a turo min in gani."

An ce tsohon saurayinta ne ya sake shi, don an karɓi kuɗin auren wani. Haka abin yake farawa galibi: jiya "rabin raina", yau fushi ya rufe ido, sai a tono abin da aka ba ka amana. Wani kuma ba shi da ko fushin, burga ce kawai a majalisa don a ce ya iya. Wani idonsa ya jiƙu da kallon batsa har ya daina ganin 'yar mutane a cikin hoto. Akwai mai neman kuɗi da barazana, akwai mai gyaran wayar da ke leƙa abin da ba a kawo masa ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mijin da ya yi saki ya koma yana nuna sirrin shimfiɗarsa, alhali Manzon Allah (SAW) ya lissafa irinsa cikin mafi sharrin mutane a ranar alƙiyama.

To amma duk cikinsu wa zai saki, da ya san babu mai karɓa? Mu ne kasuwarsu. Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi wa masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai alƙawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira. Son kawai fa, ɗan uwa, balle kai da ka danna ka tura.

Kada ka ce min "ai ita ta ɗauka". Wataƙila ma ba ta san an ɗauka ba. Ko da ta sani, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Yarinyar nan tana da uwa da za ta shiga gidan suna ana nuna ta da baki.

Ƙanwata, don Allah kada ki tura wa saurayi irin wannan hoto ko bidiyo, ko da an sa rana. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya ma da wata wayar ake ɗauke shi. In wani yana miki barazana, kada ki biya shi ko sisi, kada ki goge saƙonninsa. Ki faɗa wa babban da kika yarda da shi, ku kai ƙara. Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015.

Da asuba na koma zauren na rubuta abin da ya kamata in rubuta tun jiya, na goge bidiyon, na kashe saukewar kai tsaye. In yana cikin wayarka yanzu, don girman Allah ka goge shi kafin ka ajiye ta.