Ɓeraye aka yi wa gwajin, a daina ce wa masu hawan jinin huhu an samu magani

Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk sanda wani bincike ya fito kan gyaran ƙwayoyin gado don maganin hawan jinin huhu sai ka ga kanun labarai na cewa an gano magani, a yi ta turawa a WhatsApp da Facebook, amma in ka buɗe ka karanta sai ka tarar ɓeraye ne aka gwada a kansu.

Cutar nan ba ta wasa ba ce. Jijiyoyin huhu ne ke kauri su tsuke, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama da tura jini har ya gaji, mai ita ko 'yar matakala ya hau sai ya tsaya yana haki, ƙafa ta kumbura, leɓe ya canza launi. Shi kake yi wa albishir ɗin da ba ka tabbatar ba?

Ni ban raina aikin masu binciken ba ko kaɗan. Tun 2000 aka gano lalacewar ƙwayar gado BMPR2 ce silar cutar a yawancin dangin da ke gadonta, daga baya a Adelaide ta Ostireliya aka ɗora lafiyayyar ƙwayar a kan bairos aka sa wa ɓeraye, matsin jinin ya sauka. A asibitin Mount Sinai na New York masu bincike sun shaƙa wa ɓeraye wata ƙwayar gado mai suna SERCA2a a 2013, a 2016 suka koma kan aladu, can ma an ga sauƙi. To amma duba yadda ake sa wa ɓeran cutar, allura ɗaya ta gubar monocrotaline cikin sati uku zuwa huɗu ya kamu, ko a kulle shi a akwatin da aka rage wa oksijin. Mutum kuwa sau da yawa ta daɗe tana cinsa kafin likita ya gane, jijiyoyin sun riga sun lalace. SERCA2a ɗin nan da aka gwada shi a kan masu raunin zuciya a gwajin CUPID 2, sakamakon 2015 ya nuna bai taimaka ba. Kuma mutane da yawa jikinsu na da garkuwar da ke kashe bairos ɗin kafin ya isar da saƙon, ga mutuwar Jesse Gelsinger ɗan shekara 18 a wani gwajin gyaran ƙwayoyin gado a 1999 da har yau ba a manta da ita ba.

Masu cewa ai ba wa mara lafiya fata ba laifi ba ne, su tuna akwai wanda zai yi sakaci da shan maganinsa don ya ji sabo na tafe.

Editoci su sa "a ɓeraye" a cikin kanun, ba a sakin layi na bakwai ba. Ko maganin sotatercept da Amurka ta amince da shi a 2024, wanda ke aiki ta hanyar BMPR2 ɗin, allurar furotin ce ba gyaran ƙwayar gado ba, kuma sai da aka yi shekara 24 da gano ƙwayar kafin ya kai hannun marasa lafiya.